Tuba, Jinƙai da Ceto: Ma'anar Kalmomin a Koyarwar Kirista, Tare da Misalai Daga Arewacin Kamaru

1.0 Gabatarwa

Duk mai jin Hausa ya san kalmomin tuba, gafara, jinƙai, alheri da ceto. Yaro yana jin su a gida tun kafin ya shiga makaranta, a addu'ar iyaye da gaisuwar mutuwa da faɗan uwa ga ɗanta. Da yake mafi yawan Hausawa Musulmi ne, ɗalibi yakan ɗauka ma'anar da ya taso da ita ita kaɗai ce ma'anar kowace daga cikinsu. Sai dai akwai miliyoyin Kiristoci a Nijeriya da Nijar da kan iyakar Kamaru da suke ibada da Hausa, kuma da waɗannan kalmomin ne suke wa'azi, suke waƙa, suke karanta littafinsu.

Wannan takarda za ta bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ta nuna asalinsu da ƙirarsu, sannan ta bayyana abin da Kirista yake nufi idan ya furta su. Abin da ake son ɗalibi ya fita da shi guda ne: kalmomin na kowa ne, amma yadda koyarwar Kirista ta jera su, da abin da ta sa a gaba da abin da ta sa a baya, ya bambanta da yadda Musulmi ya saba. Mai fassarar da bai lura da wannan ba zai iya kawo kalma daidai, ya ɓata ma'ana. An ɗauko misalai daga arewacin Kamaru, domin a can Hausa tana zaune kafaɗa da kafaɗa da Fulfulde da Larabcin Shuwa da Faransanci, abin da yake sa bambancin ya fito fili.

2.0 Fagen Nazari: Daga Garwa Zuwa Kuseri

Garwa tana bakin kogin Binuwai, ita ce hedkwatar Yankin Arewa na Kamaru. Kuseri kuwa tana can Yankin Arewa Mai Nisa, inda kogin Logone ya haɗu da kogin Shari, tana kallon Injamena, babban birnin Cadi, gada ce kawai tsakaninsu. Tsohon gari ne na Kotoko, kuma a nan ne aka yi yaƙin da aka kashe Rabe da kwamandan Faransa Lamy ranar 22 ga Afrilu, 1900. A Garwa Fulfulde ce harshen kasuwa, a Kuseri kuma Larabcin Shuwa. Hausawan waɗannan garuruwa jikokin fatake ne da malamai da mahauta da masu sana'a, kuma kusan dukkansu Musulmi ne.

Addinin Kirista ya shigo yankin ne a ƙarni na 20. 'Yan mishan na ɗarikar Luther su ne suka fara kafuwa. Berge Revne da matarsa, waɗanda wata ƙungiyar mabiya Luther ta Amurka ta turo, sun fara aiki a shekarun 1920 a ƙasar Mundang da Masa, tsakanin Lere ta Cadi da Yagwa ta Kamaru. Daga aikinsu ne aka sami cocin da ake kira EFLC a taƙaice, mai hedkwata a Garwa. A 1923 Adolphus Gunderson ya buɗe mishan a ƙasar Gbaya, a 1925 kuma 'yan ƙasar Norway suka sauka Ngaundere. Aikin waɗannan biyun ne ya haifi cocin EELC. Katolika sun biyo baya a 1946 ƙarƙashin Yves Plumey, wanda ya zama bishop na farko na Garwa. Kuseri tana ƙarƙashin bishop na Yagwa, kujerar da aka kafa a 1973.

Abubuwa biyu ya kamata a riƙe daga wannan tarihi. Na farko, manyan ɗarikun yankin, wato mabiya Luther da Katolika, su ne ainihin waɗanda suka yi jayayya a Turai tun ƙarni na 16 a kan ma'anar tuba da ceto. Na biyu, harsunan coci a yankin su ne Faransanci da Fulfulde da harsunan ƙabilu irin su Masa, Tupuri, Mundang da Musgum. An kammala fassarar Littafi Mai Tsarki da Fulfulden Adamawa a 1983, kuma gidan shirya shirye-shiryen rediyo na Sawtu Linjiila da ke Ngaundere ya fara aiki da Fulfulde tun shekarun 1960. Hausar coci kuwa daga Nijeriya ta ƙetaro, a bakin matafiya da 'yan kasuwa, daga baya kuma a bakin 'yan gudun hijira.

3.0 Yadda Kalmomin Suka Shiga Hausar Coci

Wanda ya fara fassara sassan Littafi Mai Tsarki da Hausa shi ne J. F. Schön, Bajamushen da ya yi aiki da mishan ta CMS a tsakiyar ƙarni na 19, kuma ya amfana ƙwarai da Hausar Dorugu, yaron da Heinrich Barth ya tafi da shi Turai. Bayansa Dakta Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya tun 1905, ya yi shekaru yana wannan aiki tare da wasu, har aka buga cikakken littafin a 1932. An fitar da sabuwar fassara a 1979, wasu kuma suka biyo baya.

Masu fassarar sun tarar da harshen da Musulunci ya riga ya yi ɗaruruwan shekaru yana cika shi da kalmomin addini. Hanyoyi biyu ne a gabansu: su ƙirƙiri baƙin kalmomi da ba wanda zai gane, ko su ɗauki waɗanda suke bakin mutane su ɗora musu sabon kaya. Galibi ta biyun suka bi. Suka riƙe Allah, Annabi, Mala'ika, Zabura, zunubi da tuba. A wasu wuraren kuwa suka kauce wa ararriyar kalma suka ɗauki ta gida, kamar yadda za a gani a bangaskiya da jinƙai. Masu fassarar Fulfulde ma haka suka yi: sun riƙe tuubugo daga Larabci, amma ga ceto suka ɗauki kisndam, ga bangaskiya kuma nuɗɗinki, waɗanda duk kalmomin gida ne.

4.0 Kalmomin Ɗaya Bayan Ɗaya

4.1 Zunubi

Ba za a fahimci magani ba sai an san cutar. Zunubi ararriya ce daga jam'in Larabci zunub, amma Hausa ta mai da ita tilo, ta yi mata sabon jam'i, zunubai. Ga Musulmi zunubi aiki ne da mutum ya aikata da kansa, kuma ba wanda yake ɗaukar nauyin wani. Annabi Adamu ya yi kuskure, ya tuba, Allah ya karɓi tubarsa, magana ta ƙare a kansa.

Koyarwar Kirista ta yarda zunubi aiki ne, amma ta ƙara da cewa hali ne da ɗan Adam ya gada tun daga faɗuwar Adamu, abin da ake kira zunubin asali ko zunubin gado. Wasiƙar Bulus ga Romawa, sura ta 3 da ta 5, ita ce babbar madogara. Saboda haka a Hausar coci akan bambanta tilo da jam'i:

(1) Mutum yana ƙarƙashin ikon zunubi.
(2) Ya furta zunubansa.

A (1) ana maganar halin da kowa yake ciki ne, a (2) kuma ayyukan da wani ya aikata. Daga wannan tushe sauran bambance-bambancen suka tsiro. Idan cutar a jinin mutum take, to ƙoƙarinsa shi kaɗai ba zai warkar da shi ba.

4.2 Tuba

A nahawu, tuba aikatau ne ƙi-karɓau, ajinsu ɗaya da tsira, ƙaura, ɓuya da kwana, waɗanda ake sawa a wani reshe na giredi na 3. Gaɓoɓinsa biyu duk karin sama ne, wasalin ƙarshe gajere. Idan aka ja wasalin ƙarshe sai ya zama suna. Daga gare shi ake samun sifar tubabbe, tubabbiya, tubabbu.

Tushensa na Larabci yana nufin komowa. Abin sha'awa shi ne, kalmar Ibrananci da Tsohon Alkawari yake amfani da ita, shub, ita ma komowa take nufi, kamar matafiyin da ya ɓace hanya ya juyo. Sabon Alkawari kuwa da Girkanci aka rubuta shi, kalmarsa metanoia tana nufin sauya tunani ko sauya zuciya. Ke nan tuba ta Hausa ta dace da ta Ibrananci ba tare da wahala ba.

Malaman Musulunci sun jera sharuɗɗan tuba: barin saɓon, yin nadama, ƙudurta rashin komawa, da mayar da haƙƙi idan na wani ne. Kirista ba ya musun ko ɗaya daga cikin waɗannan. Labarin Zakka mai karɓar haraji, a Luka sura ta 19, ya ƙare ne da alkawarin mayar da abin da ya ƙwata ninki huɗu. Bambancin yana wajen tambayar wa ya fara motsi. A koyarwar Kirista tuba amsa ce ga kiran da Allah ya riga ya yi, kuma ita kanta baiwa ce daga gare shi. Mabiya Luther, a bayanin aƙidarsu da suka gabatar a birnin Augsburg a 1530, sun ce tuba kashi biyu ce: karayar zuciya saboda zunubi, da amincewa cewa an gafarta saboda Almasihu. Nadama ita kaɗai, a wurinsu, rabin tuba ce. Sukan kwatanta Yahuza da Bitrus. Dukansu sun ci amanar Yesu, dukansu sun yi nadama, amma na farko ya yanke ƙauna ya kashe kansa, na biyu ya komo.

Akwai wani tarko da ya kamata mai fassara ya sani. A bakin Musulmi Bahaushe, idan aka ce wane ya tuba, sau da yawa ana nufin ya musulunta, tubabbe kuma shi ne sabon shiga Musulunci. A bakin Kirista jimlar nan tana iya nufin mutumin ya karɓi Almasihu. Jimla ɗaya, labari biyu masu karo da juna:

(3) Maƙwabcinmu ya tuba bara.

Ba a iya fassara (3) zuwa Faransanci ko wani harshe sai an san wanda ya faɗe ta.

4.3 Jinƙai, Rahama da Gafara

Jinƙai harɗaɗɗen suna ne na gida: ji da ƙai, wato tausayi. Ana ganin rabuwarsu a addu'ar da ake yi wa mamaci, Allah ya ji ƙansa. Rahama kuwa ararriya ce, tushenta ɗaya da kalmar mahaifa a Larabci, kuma haka abin yake a Ibrananci, inda rahamim ta fito daga rehem, mahaifa. Hoton da ke ciki shi ne tausayin uwa ga abin da ta haifa. Hausar coci tana amfani da duka biyun, amma jinƙai ta fi yawa a wa'azi da addu'a.

Misalin da aka fi kawowa shi ne na ɗa ɓatacce, a Luka sura ta 15. Ƙaramin ɗa ya nemi gadonsa uban yana raye, ya tafi wata ƙasa ya cinye, yunwa ta kai shi kiwon aladu. Da ya dawo hayyacinsa ya shirya jawabin roƙo, yana fatan a ɗauke shi ɗan ƙodago. Uban ya hango shi daga nesa, ya ruga ya rungume shi tun bai buɗe baki ba, ya sa aka yanka maraƙi. Babban wan ya fusata, domin shi bai taɓa saɓa wa uban ba, amma ba a taɓa yi masa irin wannan walima ba.

Bahaushe zai ji nauyin labarin ta wurare biyu. Neman gado uba yana da rai tamkar yi masa fatan mutuwa ne. Dattijo kuma ba ya gudu a bainar jama'a, don zubar da girma ne. Abin da masu wa'azi suke fitarwa shi ne jerin abubuwan: runguma ta riga jawabi. Jinƙai ne ya fito taryen tuba. Ƙorafin babban wa kuwa shi ne ƙorafin duk mai auna alaƙarsa da Allah da ma'aunin lada.

Gafara daga tushen Larabci mai nufin rufewa take. A harshen yau da kullum ta yi laushi har ta zama sallama, gafara dai, da kiran girmamawa, gafarta malam. Aikatau ɗinta yana tafiya da wa ko ma: ya gafarta wa ɗansa, ya gafarta masa. Yafe ta fi yawa tsakanin mutum da mutum. A koyarwar Kirista an ɗaure biyun da igiya ɗaya: a addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa, a Matiyu sura ta 6, mai roƙon gafarar Allah yana ambaton cewa shi ma yana yafe wa waɗanda suka yi masa laifi.

4.4 Alheri

Wannan ita ce kalmar da ta fi ɗaukar sabon kaya. Asalinta al-khair na Larabci. A Hausar kullum alheri kyauta ce ko kyautatawa, kuma karin magana ya nuna yadda Bahaushe yake kallonsa: alheri gadon barci ne; alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Duka biyun suna kallon mai yin alherin ne, suna yi masa albishir cewa zai ga sakamako.

Masu fassara sun ɗauki alheri don kalmar Girkanci charis, wadda Faransanci yake kira grâce. A nan ido yana kan mai karɓa ne, kuma ma'anar ita ce kyautar da bai cancanta ba, bai kuma yi aikin komai ya same ta ba. Kishiyarta ita ce lada. A Romawa sura ta 4 Bulus ya kafa hujja da ɗan ƙodago: abin da aka ba shi bayan aiki haƙƙinsa ne, ba a kiransa kyauta. Idan ceto lada ne, to ya tashi daga alheri. Masu wa'azi sukan raba jinƙai da alheri da cewa jinƙai shi ne a ɗauke wa mutum hukuncin da ya cancanta, alheri kuma a ba shi abin da bai cancanta ba.

4.5 Bangaskiya

Hausa tana da jerin harɗaɗɗun sunaye masu farawa da ban, daga aikatau ba: bankwana, bantsoro, banmamaki, bandariya, banruwa. Bangaskiya tana cikinsu, wato ba da gaskiya. Musulmi ya fi cewa imani, Kirista ya fi cewa bangaskiya, har zaɓin kalmar kan nuna addinin mai magana. A lura da harafin da yake biyo ta:

(4) Ya ba da gaskiya cewa akwai Allah.
(5) Ya ba da gaskiya ga Almasihu.

Jimla ta (4) yarda ce da gaskiyar wata magana. Jimla ta (5) dogara ce, irin ta mai shiga kwalekwale a Logone ya miƙa ransa ga matuƙi. Wasiƙar Yakubu, sura ta 2, ta ce irin ta (4) ko aljannu suna da ita. Wadda koyarwar Kirista take cewa tana ceto ita ce ta (5). Haka kuma a Hausar coci ana cewa ceto yana samuwa ta wurin bangaskiya. Ta wurin tana nuna hanya ce, kamar hannun da aka miƙa aka karɓi kyauta. Hannun bai sayi kyautar ba.

4.6 Ceto da Fansa

Ceta aikatau ne so-karɓau na giredi na 2: ya ceci yaro, ya cece shi, yaron da ya ceta. Ma'anarsa ta asali fid da wani daga halaka, kamar ruwa ko gobara. A bakin Musulmi, ceto a fagen addini yana nufin shafa'a, wato roƙon da Annabi Muhammadu (SAW) zai yi wa al'umma ranar alƙiyama da izinin Allah. Abu ne da ake fata a gaba. Fita daga azaba kuwa an fi kiranta tsira.

A bakin Kirista, Mai Ceto laƙabin Yesu ne, ceto kuma aiki ne da aka riga aka gama ta mutuwarsa a kan gicciye da tashinsa daga matattu. Shi ya sa zai iya cewa ya sami ceto, da shuɗaɗɗen lokaci, maganar da za ta yi wa Musulmi nauyi a kunne, tun da a wurinsa ba wanda ya san makomarsa sai Allah. Musulunci kuma bai yarda an gicciye Annabi Isa (AS) ba. A nan ne addinan biyu suka rabu sosai, ko da yake kalmar ɗaya ce.

Fansa tana da tarihi a ƙasar Hausa. A zamanin bauta, bawa yana iya biyan kuɗi ya fanshi kansa, ko danginsa su fanshe shi. Wannan hoto ne masu fassara suka ɗauka: mutum bawan zunubi ne, ba shi da abin fansar kansa, sai wani ya biya. Akwai kuma kalmar baratarwa, wadda ba a cika jin ta a wajen coci ba, wasu kuma sukan ce kuɓutarwa. Hotonta na kotu ne, inda alƙali yake wanke wanda ake tuhuma.

5.0 Saɓanin Mabiya Luther da Katolika

A 1517 Martin Luther ya fitar da batutuwa 95 yana sukar sayar da takardun sassauta horon zunubi. Batu na farko a kan tuba yake, inda ya nuna cewa rayuwar mai bi gaba ɗaya ce ya kamata ta zama tuba. Daga nan koyarwarsa ta tsaya a kan cewa ceto ta wurin alheri kaɗai yake, ta wurin bangaskiya kaɗai, yana dogara da Romawa da Afisawa sura ta 2. Kyawawan ayyuka a wurinsa 'ya'yan itace ne: itace mai rai yana ba da 'ya'ya, amma 'ya'yan ba su suka ba shi rai ba.

Cocin Katolika ta ba da amsa a taron Trent, wanda aka yi daga 1545 zuwa 1563. Ta yarda alherin Allah ne mafari, amma ta ce mutum yana ba da haɗin kai, kuma bangaskiyar da take ceto ita ce mai aiki ta wurin ƙauna. Tuba a wurinta tana da tsari: nadama, furta zunubi a gaban fada, sanar da gafara daga bakinsa, sannan wani aiki na gyara. Saboda haka idan ɗan Katolika a Garwa ya ce zai je ikirari, wani abu takamaimai yake nufi, mai lokaci da wuri.

Ranar 31 ga Oktoba, 1999, a Augsburg, wakilan Cocin Katolika da na Tarayyar Mabiya Luther ta Duniya suka sa hannu a wata sanarwar haɗin gwiwa. Sun amince cewa Allah yana karɓar mutum ta wurin alheri, cikin bangaskiya ga aikin Almasihu, ba don cancantarsa ba, kuma Ruhu Mai Tsarki ne yake kai shi ga kyawawan ayyuka. EELC da EFLC duk suna cikin wannan tarayya. A ɓangaren Katolika, Paparoma John Paul na II, wanda ya ziyarci Garwa a watan Agustan 1985, ya rubuta wasiƙa ta musamman a kan jinƙan Allah a 1980, a 2000 kuma ya ware Lahadin da ke bin Ista ta zama ranar tunawa da shi.

6.0 Tubabbu: Kalmar a Bakin Mutane

Waɗannan kalmomi sun fita daga littafi sun shiga rayuwa tun da rikicin Boko Haram ya ƙetaro Kamaru. A 2013 aka buɗe sansanin Minawao kusa da Mokolo, inda dubun dubatar 'yan Nijeriya daga Borno suka sami mafaka. Cikinsu akwai Kiristocin yankin Gwoza, da yawansu 'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, cocin da ya samo asali a Garkida a 1923, wanda aka sani da ƙin ɗaukar makami, kuma wanda mayaƙan suka mamaye hedkwatarsa a Kwarhi a 2014. Da Hausa suke ibada, don ita ce ta haɗa ƙabilunsu.

A 2018 gwamnatin Kamaru ta kafa kwamitin karɓar makamai da mayar da tsofaffin mayaƙa cikin jama'a, mai cibiya a Mora. Gidajen rediyon Hausa suna kiran waɗanda suka miƙa wuya tubabbu. Nan take tambaya ta taso, ga Musulmi da Kirista baki ɗaya: ajiye bindiga tuba ce? Wa ya ga zuciyarsa? Ina haƙƙin wadda aka kashe wa miji? A harshe, an ɗauki kalmar addini an ba ta aikin hukuma, ta koma nufin wanda ya miƙa wuya kawai. Ga Kiristan da aka koya wa cewa jinƙai yana fita taryen mai laifi, kuma wanda aka gafarta wa dole ya yafe, nauyin ya fi tsanani, domin shi ne yanzu yake tsaye a matsayin babban wa. Malaman coci sukan raba abu uku a nan: yafewa, wadda take wajibi a kan mai bi; sulhu, wanda yake bukatar tubar gaskiya daga mai laifi; da hukunci, wanda yake hannun hukuma. Mai fassarar da ya haɗa ukun a kalma ɗaya zai iya sa wa mutum maganar da bai faɗa ba.

7.0 Kammalawa

An ga cewa Hausar coci ta ɗauki mafi yawan kalmominta daga rumbun da Musulunci ya cika, ta haɗa da na gida irin su jinƙai, ceto, fansa da bangaskiya. An kuma ga jerin da koyarwar Kirista ta yi musu: alheri da jinƙan Allah ne a gaba, tuba da bangaskiya amsa ce, ceto kyauta ce da aka karɓa, kyawawan ayyuka kuma suna biyo baya. Kafin ɗalibi ya fassara ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi, sai ya tambayi kansa wa yake magana, da wa yake yi, kuma a wane fage.

Aikin Gida

1. Kawo ma'anoni uku na jimlar da ke (3), ka bayyana mahallin kowace.
2. Jera harɗaɗɗun sunaye biyar masu farawa da ban waɗanda ba a ambata a nan ba, ka fayyace ƙirarsu.
3. Bayyana bambancin ceto da tsira da fansa, da jimla biyu ga kowace.
4. Tattara karin magana biyar a kan alheri, ka nuna ko mai yi suke kallo ko mai karɓa.